Farin Haƙori a Dutsen Usfan

Amatullah ta taso a guje da wani abu a tafin hannunta. Ta zo daidai inda nake tsugune, har na miƙa hannu zan karɓa, sai ta kewaye ni kamar turken fitila, ta nufi tsohon da ke zaune kan kujerar roba.

"Ammu, duba, shi ne?"

Ni ne fa ubanta. Ni na ɗauki hutun kwana biyar a asibitin da nake aikin gwajin jini, bayan na yi wata biyu ina lallaɓar shugabana. Ni na kama gidan hutu a bayan garin Usfan, ni na tuƙo motar tun daga Jidda. Amma duk ɗan tsakuwar da aka tono, wurin Ammu Idris ake kai shi.

Maƙwabcinmu ne, a hawan ƙasa na gidan da muke haya a unguwar Mahjar, yaran suna ce masa Ammu, wato baffa da Larabci. A Jidda aka haife shi. Kakansa ya tako a ƙasa daga wajen Katsina zuwa aikin hajji, bai koma ba. Shekara talatin da wani abu ya yi yana tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa. Matarsa ta rasu, Allah kuma bai ba su haihuwa ba. Hausarsa rabi Larabci ce, ga dariya ba ta yi masa wuya. Ni ina fita da asuba, ba na dawowa sai bayan magariba, saboda haka ɗana Saifuddeen da Amatullah da sun sauko daga motar makaranta ƙofarsa suke fara bugawa.

Shi ya cika musu kunne da labarin cewa a zamanin da can teku ta taɓa rufe duwatsun Usfan, kuma har yau mai haƙuri yana tsintar haƙoran girshi, babban kifin nan mai cin mutane, waɗanda suka daɗe har suka koma dutse. Da na ce za mu je, ni da iyalina nake nufi. Saifu ya ce in ba da Ammu ba, wa zai nuna mana wurin? Lubabatu, matata, ta ce ai akwai gurbi a mota. Haka na haɗiye maganata, na ɗora kujerarsa a but.

Ya karɓi abin daga hannun yarinyar, ya tofa masa yawu, ya goge da gefen rigarsa. Wani ɗan baƙin haƙori ne mai ƙyalli, bai kai farcen babban yatsa ba.

"Shi ne, ya binti. Idonki ya fi na kowa."

Ya koya musu yadda ake yi. A fito da sassafe rana tana ƙasa-ƙasa, a ba ta baya, a tsuguna, a riƙa kallon ƙasa a kaikaice har wani abu ya ƙyalla. In an ga alama sai a ɗebi yashin a rariya a girgiza. Kwana uku ana haka. Saifu ya samu bakwai, Amatullah huɗu, har Lubabatu da ta zo kawo mana shayi ta taka ɗaya. Ni kuwa, mai digiri biyu, wanda ke wuni yana leƙen ƙwayar cuta a madubin likita, ban tsinci komai ba sai marfin kwalba da kashin akuya. Yaran ba su yi mini dariya ba. Tausayina suka ji, wannan ya fi ƙona mini rai.

Ba zan ɓoye ba, kishi nake yi, kishi mai zafi, da tsohon da ko tsugunawa ba ya iya yi sai an riƙe shi. In Saifu ya kwantar da kai a gwiwarsa yana sauraron labarin jiragen ruwa, sai in kau da kai. Rabon yaron nan da ya jingina da ni haka tun muna Gusau.

Rana ta uku bayan azahar na ce zan je sayen ƙanƙara. Ban tsaya ko'ina ba sai kasuwar kifi ta Jidda. Na yi ta yawo tsakanin tebura har na samu wani mai yankan kifi da muƙamuƙin girshi rataye a rumfarsa. Ya cire mini haƙori mafi girma da filaya, yana kallona kamar wanda ya taɓu. Na wanke shi da omo, na dawo da ƙanƙarar da rabinta ya narke. Washegari kafin kowa ya gama karin kumallo na riga su fita, na tura shi cikin yashi a gindin wani dutse.

Na bari sai da aka yi rabin awa ana nema, sannan na ɗaga murya na ce su zo su gani. Kai, ranar na ji daɗi. Suka rugo, Amatullah ta ɗare bayana, Saifu yana cewa na Abba ya ninka na kowa uku. Minti biyu na yi ina uba sosai. Sai Saifu ya fizge haƙorin ya kai wa Ammu.

Sai a hannunsa na ga wautata. Duk waɗanda aka tsinta baƙaƙe ne ko ruwan ƙasa, masu nauyi. Nawa fari tas, kamar an ciro shi daga bakin jariri. Ammu ya juya shi, ya kai shi kusa da hanci, ya ɗago ya dube ni. Na so ƙasa ta tsage in shige.

"Masha Allah," ya ce. "Shekara hamsin ina zuwa nan, ban taɓa tsintar irin wannan ba."

Bai kuwa yi ƙarya ba. Da yaran suka koma tono, ya yafito ni, ya sa mini shi a aljihu, ya yi ƙasa da murya.

"Ya Abu Saif, har yanzu yana ƙarni. Nan gaba ka jiƙa shi a shayi kwana biyu. Khalas, tsakaninmu."

Mutumin kirki zai yi godiya. Ni haushi ne ya ƙara turnuƙe ni, don yanzu har mutuncina a gaban 'ya'yana a hannunsa yake. A hanyar dawowa na ji yana tari a kujerar baya, yana dafe ƙirji, na ƙara muryar rediyo.

Sati biyu da dawowarmu ya faɗi a bakin ƙofarsa. Abdulelah, ɗan ƙanensa, ya kai shi asibiti, aka ce zuciya ce. Ran Litinin Abdulelah ya kira ni ya ce tsohon yana tambayar yaran. Saifu yana tsaye kusa da ni, ya ji komai, har ya sa takalmi. Na ce masa akwai jarrabawa, a bari sai Juma'a. Ran Talata ya sake roƙona, na daka masa tsawa. Lubabatu ta ce in ba ta dama ta kai su a tasi, na ce ni ne mai gidan ko Ammu? Asibitin nan bai fi tafiyar minti ashirin ba, kuma jarrabawar ta zane ce. So nake yi su yi kwana huɗu cur ba tare da shi ba, su ga ba a mutuwa.

Ya cika ran Alhamis da hantsi. Aka yi masa salla bayan la'asar.

Na zaci Saifu zai yi kuka, ko ya ce ni na hana shi. Sai ya shiga ɗaki ya goge farar jallabiyarsa da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

A nan ba a zaman makoki kan tabarma kamar gida. Kwana uku ake jera kujeru a layin unguwa, daga magariba zuwa isha, dangin mamaci su tsaya a sahu ɗaya, masu ta'aziyya su bi su ɗaya bayan ɗaya. Dangin Ammu maza uku ne kacal. Abdulelah ya same ni a bakin matakala, Hausarsa tana karyewa.

"Ammi ya ce a asibiti, walad ɗinka ya tsaya da mu. Ya ce shi ne ɗansa. In ka yarda."

Ko a lokacin, Allah ya yafe mini, sai da abin ya soke ni. Na juya in tambayi Saifu, na ga ya riga ya je ya tsaya a ƙarshen sahun, kansa bai kai kafaɗar na kusa da shi ba.

Ni ba dangi ba ne, sai na bi layin baƙi. Tsofaffin ma'aikatan tasha ne a gabana, da mai gasa burodin unguwa, da direban motar makaranta. Kowa in ya iso sai ya dafa kafaɗar mai karɓar gaisuwa ya yi masa addu'a. Na wuce Abdulelah, na wuce sauran biyun, na iso gaban ɗana. Na shirya maganganu da yawa tun daga farkon layin, amma akwai mutane a bayana suna jira. Na dafa kafaɗarsa.

"Azzamallahu ajrak," na ce.

"Shakarallahu sa'ayak," ya amsa, da irin lafazin mutanen Jidda, yadda ya amsa wa mai burodi. Idonsa ya riga ya koma kan na bayana.

Na samu kujera a sahun baya na zauna. Wani ya miƙo mini gahawa a ɗan finjali, na riƙe. Daga nan ina hango shi tsakanin kawunan mutane, yana tsaye a miƙe, ana ta dafa shi ana wucewa, har aka kira isha.