Nauyin Baba Ciyawa

Da Baba Ciyawa ya dawo aiki bayan doguwar jinya, wandonsa ne ya fara gaya masa yadda ya rame, don sai da ya huda sabon rami a bel kafin wandon ya tsaya masa a ƙugu. Ta biyu da ta gaya masa ita ce motar yankan ciyawa, ita kuma a gaban mutane ta faɗa.

Tun kansa yana baƙi yake kula da ciyawar filin ƙwallon kulob, har sunansa ya ɓace, kowa sai Baba Ciyawa. Aikin tare yake da ɗaki a bayan sito, inda suke zaune da matarsa. Tsarin kulob a bayyane yake: wanda ke hawa motar, shi ke da ɗakin.

A safiyar da ya dawo, ya yi wa motar hidima kamar yadda ya saba. Ya tsayar da ita a kan simintin sito, ya ja birki, ya zare makulli ya jefa a aljihunsa. Ya cire wayar fulogi, don kada injin ya tashi alhali hannunsa yana ƙasa. Ya duba baƙin mai, ya kakkaɓe matatar iska, ya sa safar hannu, ya tokare wuƙar da guntun katako kafin ya kwance ta ya wasa. Fetur kuwa a waje ya zuba, injin yana sanyi. Sannan ya hau, ya tayar da ita, ya nufi fili.

Tayar gaba tana taka ɗan tudu, injin ya mutu. Ya sake tayarwa. Ya yi gaba kaɗan, ya sake mutuwa.

Baba ya san dalili tun kafin ya ɗaga kujera. A ƙarƙashinta akwai ɗan maɓalli wanda nauyin mutum ke dannewa. Idan mutum ya tashi ko ya faɗo, maɓallin ya saki, injin ya mutu, wuƙa ta tsaya. Shekaru da yawa yana yabon wannan maɓalli. Yanzu ga shi zaune daram, amma da motar ta ɗan yi tsalle sai maɓallin ya saki.

Direban bas ɗin kulob, wani ƙato mai tumbi, yana wanke gilashi a gefe. Ya daɗe yana zagaya maganar ɗakin bayan sito, don matarsa ta ƙyalla ido a kansa.

"Baba, sauko in gwada," in ji Direba. Ya hau, kujera ta yi ƙara, ya zaga fili yana ratsa tudu da kwari, injin ko tari bai yi ba. Ya dawo yana dariya. "Ka gani? Ni ta san da zamana. Kai kuwa ta ɗauka wani ne ya manta rigarsa a kan kujera."

Manaja ya iso yana goge tabarau. Baba ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, ƙarfen da ke ɗaga kujerar ne ya yi mini tauri. In an sa mai laushi, shi ke nan. Ƙaramin abu ne."

"Motar lafiyarta ƙalau, Baba. Ba ita ta kwanta asibiti ba." Manaja ya mayar da tabaransa. "Inji ba ya ƙarya. Ta ce babu kowa a kanta, ni kuma ba zan ba babu kowa ɗaki ba. Akwai wasa ranar Asabar. In ga filin nan a yanke, ko in ga ɗakina a share."

Da Manaja ya tafi, Direba ya matso. "Ka haɗe wayoyin maɓallin mana, kowa ya huta."

"Ban taɓa ba, ba kuma zan fara yau ba," in ji Baba.

A ɗaki, matarsa ta tura masa kwano, ta ƙara, ta sake ƙarawa, har ya ɗaga hannu.

"Ke, ko buhu zan cinye, ba zan yi ƙiba kafin Asabar ba."

Ta kalli bango, inda ta kafa ƙusoshi tun tana amarya. Can ta tashi ta ɗauko tsohon labulen taga mai furanni ja, ta ninka shi, ta ɗinke gefe uku da zare mai kauri. Ta je bayan ragar fili ta ɗebo yashi, ta tankaɗe shi don kada tsakuwa ta soke shi, ta cika, ta ɗinke baki. Har igiya ta sa masa ta ɗaurewa a kujera.

Baba ya ɗaga filon da hannu biyu, ya ji nauyinsa, ya ajiye.

"Kin san abin da wannan zai yi? In na sauka, motar ba za ta san na sauka ba."

"To kada ka sauka sai ka kashe, Malam. Ai kana da hannu." Muryarta ta yi ƙasa. "In sun kore mu, ina za mu? Gidan surukinka, mu kwana a falo?"

Ya daɗe yana kallon furannin. Ya gaya wa kansa cewa ai ba waya ya haɗe ba, filo ne kawai, kuma na ɗan lokaci ne.

Washegari motar ta yi tafiya kamar sabuwa. Duk lokacin da zai sauka, sai ya kashe wuƙa, ya murɗa makulli, ya jira har ƙarar ta ɗauke. Manaja ya biyo ta gefen fili, ya latsa filon da yatsa, ya ji yashi, ya fashe da dariya.

"Ashe ka yi ƙiba, Baba! Sannu da ƙoƙari." Ya wuce abinsa.

Ranar Juma'a aka wayi gari da yayyafi. A ƙa'idar Baba, ba a yanka jiƙaƙƙiyar ciyawa, amma gobe Asabar, rabin fili kuma yana nan. Ya hau. Wajen ragar ƙarshe ya hango turken ƙarfe da 'yan wasa suka bari kwance a ciyawa, daidai gaban wuƙa. Ya ɗage ƙafa daga feda, motar ta tsaya. Shekara da shekaru, a irin wannan lokaci miƙewa kawai yake yi, injin ya mutu da kansa kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Jikinsa ya riga kansa tunawa. Ya miƙe, ya sauko. Takalminsa ya zame a kan ciyawar, ƙafar ta shige ƙarƙashin murfin wuƙa.

Yana kwance a ƙasa yana ihu, motar tana ta ruri a kansa, filon yana zaune a kujera.

Likitoci sun ceci dunduniya da rabin tafin ƙafa. Da aka sallame shi, ya zo kulob yana dogara sanda, matarsa tana riƙe da shi. Sun tarar da matar Direba a ɗakinsu tana auna taga. Ta gaishe su da fara'a, ta tambaya ko za su tafi da ƙusoshin bango.

A sito, Manaja ya tara ma'aikata. Filon yana rataye a ƙusar da Baba ke rataye hularsa.

"Yauwa, ga shi ma ya zo," in ji Manaja. "Ku dube shi da kyau. Wannan shi ne mutumin da ya yaudari na'urar da aka sa don ta tsare shi. Kulob ba shi da hannu a ciki. Da na san da wannan abu, da tuni na hana."

"Ranka ya daɗe, ai ka taɓa shi da hannunka," in ji Baba a hankali.

"Maganin asibiti bai sake ka ba, Baba." Manaja ya juya ga ma'aikata. "Kafin ku taɓa inji: birki, makulli a aljihu, wayar fulogi a cire." Kalmomin Baba ne, har da yadda yake jera su.

Matar Baba ta matsa gaba. "Yallaɓai, a ba ni filon. Labulena ne."

"A'a, Inna, ya zama kayan koyarwa. Ɗinkin ma ya yi kyau, ko yashi ɗaya bai zube ba."

Ma'aikata suka watse, wasu suna dariya, wasu suna kallon ƙasa. Baba ya juya zai fita, sai ya ga Direba durƙushe a gefen motar, ya zura hannu ƙarƙashin murfi yana ƙwaƙulo ciyawar da ta daskare. Makulli yana jikin motar, wayar fulogi tana wurinta, wani ma'aikaci kuma ya jingina da sitiyari yana hira.

"Ɗana, zare makullin tukuna."

Direba bai ɗago ba. "Wanda ya bar rabin ƙafarsa a fili ne zai koya mini? Je ka huta, Baba. Yanzu ma ka ƙara rashin nauyi."

Baba ya dogara sandarsa, ya matsa, ya zare makullin. Hannunsa ya kai shi inda ya saba kai shi. Ya kama kafaɗar matarsa, suka nufi ƙofa a hankali, kowane taku sai ya tsaya ya huta.

"Ni na ɗinka," ta ce, ba ta dube shi ba.

"Ni na zauna a kai," in ji shi.

Sun kusa bakin titi sai suka ji ihun Direba a bayansu. "Ku tare shi! Ya tafi da makullin mota!"

Manaja ya biyo su ba tare da sauri ba, ma'aikata suna biye da shi. Ya tsaya gaban Baba, ya buɗe tafin hannu.

"Har da sata kuma, Baba? A wannan shekarun?"

Baba ya laluba aljihu, ya ji sanyin ƙarfen. Ya dubi fuskokin da suka kewaye shi. Ya ajiye makullin a hannun Manaja.

"Ɗaya aljihun ma," in ji Manaja. "Juyo shi mu gani."

Baba ya miƙa wa matarsa sandar, ya tsaya a kan ƙafa ɗaya, ya juyo aljihun waje.