Jarka Biyu a Zauren Dattijo

Kan Dattijo na cikin mota, ƙafafunsa na waje, lokacin da matarsa Saliha ta leƙo daga zaure.

"Malam, rana fa tana yi. Na ƙasan kwando ya fara tsiyaya."

"Na sani. Ai ba barci nake ba."

Kwando goma sha huɗu na tumatir ne jere a inuwar katanga, waɗanda aka tsinko tun da asuba. Dillalai a kasuwar bakin titin Kura ba sa jiran kowa; in azahar ta wuce manyan motoci sun cika sun tafi. Yau kuma tsohuwar motar ta ga dama ta ƙi tashi. Famfon mai na cikin tanki ne ya mutu. Bakanike ya daɗe da gaya masa cewa wannan zuƙe mai da yake daga mota yana ba injin ban ruwa, yana barin tanki a bushe, shi zai kashe famfon. Dattijo ya sayi sabo tun watan jiya, ya ajiye a ƙarƙashin gado, yana fatan motar ta manta.

Shekara talatin yana kwance injin ban ruwa yana ɗaurawa, don haka ya ce ba wani bakanike da zai kira. Ya zuƙe man tankin da mesa zuwa jarka ruwan ɗorawa, ya kai zaure ya ajiye. Ya cire kujerar baya, ya buɗe murfi, ya zaro tsohon famfo baƙi ƙirin. Sau biyu sukundireba na suɓucewa yana yankarsa. Sau ɗaya ya sa robar murfi a juye, sai da ya sake kwancewa. Mai ya jiƙa masa riga har gemu, ko'ina ya juya warin fetur ne.

Wajen sha ɗaya ya gama. Ya ɗauko jarka daga zaure, ya kafa mazurarin gora, ya tuttula duka, idonsa na kan kwanduna.

Ya murɗa makulli. Sabon famfo ya yi zuuu a ƙarƙashinsa, daɗin ji. Mota ta tashi.

"Saliha! Zo ki ga aikin injiniya!"

Kafin ta ƙaraso motar ta yi tari uku, ta girgiza, ta mutu. Ya murɗa, ya sake murɗawa. Shiru.

Sai ga ƙaninsa Hambali a babur, laka har gwiwa.

"Yaya, sannu da aiki. An saki ruwa a kanal ɗin da ke ba gonarmu ruwa, na zo da gudu na ga jarkar mai a zaure na ɗauka. Albasa ta sha ta ƙoshi, wallahi."

Dattijo ya dube shi. "To wacce na zuba?"

"Wacce ka...? Ta ruwan da muke ɗura wa injin ban ruwa kafin ya fara ja ce na bari a wurin, ita ma ruwan ɗorawa ce." Hambali ya kashe babur a hankali. "Innalillahi. Yaya, ba ka sunsuna ba?"

"Ni kaina warin fetur nake, me zan sunsuna?"

Ba wanda ya yi dariya. A gidan nan haka ake tun zamanin mahaifinsu: ranar da aka saki ruwa, duk man da ke zaure na gona ne, ba a tambaya.

Dattijo ya shafa rufin motar. "Famfon dai lafiyarsa ƙalau. Ya kai ruwan har cikin inji, bai rage ko ɗigo ba. Na yi wa shinkafa ban ruwa, na yi wa albasa, dama mota ce ta rage."

"Bari in nemo mai a-kori-kura," in ji Hambali.

"Yau ranar tsinka? Ko jaki ba za ka samu ba."

Inuwar katanga ta janye, rana ta sauka kan kwando na farko. Saliha ta shiga gida, ta fito da tabarmi biyu da wuƙaƙe uku. Ta shimfiɗa tabarmin a rana. Tumatir ɗin da bai ga kasuwa ba, sai dai a yanka a shanya, ya zama kauɗa.

Dattijo ya wanke hannu da toka har sau uku, ya sunsuna, sannan ya zauna ya jawo kwando.

"Hambali," ya ce, "ɗauki mai kaifin. Ai albasarka ce ta ƙoshi yau."