Sarakuna Uku a Hannun Glenys

Wata bakwai ke nan Glenys tana fama da mijinta Clarrie a kan ya je a cire masa yanar ido, shi kuwa ya kafe. Likitan yana Toowoomba, tafiyar yini guda daga garinsu Cunnamulla, amma ba nisan ne ya dame shi ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana sausayar ulun tumaki, raguna sun tunkuye shi ba adadi, wai shi ne ke tsoron a kusanto idonsa da 'yar wuƙa. Kullum sai ya ce garau yake gani, alhali shayi ma rabinsa a kan tebur yake zubawa.

Ranar da ta matsa masa a gaban abokansu, a teburin wasan kati na foka a kulob ɗin garin, sai ya yi dariya ya ce, "Ji nan, tsohuwa. Ranar da kika fitar da ni daga wasan nan da hannunki, ki ɗaure ni a bayan mota ki kai ni." Kowa ya shaida. Ya faɗi haka ne don ya san tun aurensu ba ta taɓa fitar da shi ba.

Wasan nasu na ranar Alhamis ne bayan abincin rana, su biyar. Ba kuɗi ake zubawa ba, 'yan fayafayan roba ne ake raba wa kowa daidai, wanda nasa suka ƙare ya fita daga wasan, wanda ya kwashe na kowa ya tafi gida da tiren nama daga mahaucin gari. A da Clarrie ɗan lissafi ne, sai ya yi awa bai shiga zagaye uku ba. Amma bana ya zama wani iri. Ya ɗan leƙa katinsa, ya tura tulin fayafai, ya sake turawa, har Stavros mai gidan abinci ya laƙaba masa suna Guguwa. Su sun ɗauka tsufa ne ya zo masa da rawar kai. Glenys kaɗai ta san rabin lokaci bai ma tantance abin da ke hannunsa ba, hayaniyar duk ta rufin asiri ce.

To, ran wannan Alhamis, Lorna mai rabon kati ta miƙa wa kowa bibbiyu. Glenys ta ɗaga gefen nata: sarki da sarki. Ta mayar da su ta kife.

Clarrie ya tura tuli tun ba a buɗe komai ba. "Wanda ya ji tsoro ya je ya taya matan kicin wanke kofuna."

"Kai dai Guguwa, Allah ya shirye ka," in ji Stavros, ya zubar da nasa. Abokinsu Noel ma ya zubar, Lorna ta bi su.

Glenys ta biya daidai abin da ya zuba, ko faifai ɗaya ba ta ɗora ba. Ta san mutuminta. Mai wasan ganganci ba a tarar gabansa, matsa masa hanya ake yi ya wuce da gudunsa. Da ta ƙara ko kaɗan, da ya ja birki, don duk garin an san Glenys ba ta ƙari sai da dalili.

Lorna ta buɗe kati uku a tsakiya, waɗanda kowa ke haɗawa da nasa, tana faɗa da ƙarfi kamar yadda ta saba kwanan nan ba tare da kowa ya ce ta yi ba: "Sarki, takwas, huɗu."

Sarakuna uku ke nan. Glenys ta ji kunnuwanta sun ɗau zafi. Wannan kunnen shi ya hana ta cin Clarrie duk tsawon shekarun nan, da kati mai kyau ya zo mata sai su yi jawur, shi kuwa ya kalle ta ya yi murmushi ya zubar da nasa. Yanzu ma ya ɗago ya dube ta, ya daɗe yana duba. Noel ya gani, ya sunkuyar da kai. Stavros ya gani, ya shiga gyaran agogonsa. Clarrie bai ga komai ba. Nan ne ta ji kamar ta ajiye katin ta kama hannunsa su tafi gida.

Ta ƙwanƙwasa tebur da yatsa, alamar ta wuce.

"Au, kin wuce? Yarinya ta tsorata." Ya tura wani tulin. "Yi magana mana, tsohuwa. Me kika riƙe?"

Ba ta tanka ba. Idon ne ya tafi, kunnensa ras yake, kalma ɗaya za ta furta ya ji rawar muryarta. Ta ɗauki biskit ta cusa a baki, ta yi kamar mai shawara, ta ƙirga har ashirin a zuci, sannan ta biya.

"Goma," in ji Lorna, da ta buɗe na huɗu.

Glenys ta sake ƙwanƙwasawa. Wannan karon ya fi wuya, don fayafayanta sun ɗan fi nasa yawa, tana iya tura duka ta huta. Amma in ita ta tura, ta ba shi ƙofar fita. Dole shi zai kawo kansa.

Ya tsaya. Ya shafa gefen katinsa da babban yatsa. Ta ga kamar tsohon Clarrie mai lissafi yana neman farkawa, zuciyarta ta ce shi ke nan, ya sha.

"Noel," ya ce, "matata tana murmushi ne?"

"Ni ba ɗan leƙen asirinka ba ne, mutumina. Biskit take ci."

"To duka." Ya sa hannu biyu ya tura komai tsakiya.

"Na biya," in ji Glenys, muryar na rawa yadda ta ga dama, tunda yanzu ba abin ɓoyewa.

Clarrie ya baje katinsa a fili da ƙarfi. "Takwas biyu, ga ta uku a ƙasa. Ku tafa mini!"

Ba wanda ya tafa. Takwas ɗaya ce a hannunsa, ɗayan katin lamba uku ce. Fankar sama kaɗai ake ji. Clarrie ya juya kai hagu da dama, ya ji shirun ya yi yawa, ya ɗauki katin ya kawo shi dab da hancinsa. Ya daɗe a haka.

Glenys ta shimfiɗa nata a hankali. "Sarakuna uku ne, Clarrie. Ko da takwas ukun ne, na ci ka. Ba katin ne ya kayar da kai ba, ni ce."

Lorna ta buɗe na ƙarshe don cika ƙa'ida. Biyu ce, ba ta canja komai ba.

"Sarakuna uku," ya ce. "Kika zauna kina cin biskit."

"Har guda biyu."

"Macijiya. Shekara arba'in da shida ina kwana da macijiya." Ya laluba ya samo hannunta a kan tebur, ya riƙe. Ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji. "In likitocin sun sa wuƙar, kina cikin ɗakin?"

"Ba sa bari. Amma ina bakin ƙofa."

"Bakin ƙofar dai. Ba kantin sayar da zare ba."

Ba ta samu tiren naman ba, Stavros ne ya fitar da ita bayan rabin awa, hankalinta ba ya kan wasan. Da suka fito rana ta yi sanyi, tsuntsayen aku sun cika itacen bakin titi da surutu. Clarrie ya nufi ƙofar direba kamar kullum, ya kama marfin, ya tsaya. Sai ya zagaya ɗaya gefen, ya miƙo mata makulli ta saman motar.

"Ki bi a hankali da giya ta biyu," ya ce. "Ba ta son a yi mata dole."