Fim ɗin da Mogens Bai Ƙarasa Ba

Mogens ba ya barin fim a rabi. Ko fim ya yi sanyi kamar gahawar jiya, yana nan zaune har sunayen ƙarshe su gama hawa, har sunan wanda ya riƙe fitila. Tun suna yara a Aalborg haka yake. In ƙanwarsa Solvej ta miƙe kafin a kunna wutar silima, sai ya jawo ta da gefen riga ta koma kujera.

Da ya bar aikin jirgin fito, matarsa kuma ta rasu, sai ya shiga wata manhajar kallon tsofaffin finafinai, ya sa Solvej a asusunsa. Kowace Juma'a shi ke zaɓa mata na kallo. Kuma wane iri! Baƙi da fari, na Italiya ne, na Japan ne, na Poland ne, inda mace za ta tsaya a taga tana kallon ruwan sama har mai kallo ya manta da kansa. Solvej takan ce maganin barci yake rubuta mata. Shi kuma ya ce Auta ai ba ta san fim ba sai an kifar da mota. Ranar Lahadi da hantsi ya kira, su yi ta musu. Ita dai, gaskiyar magana, don musun nan take kallo.

To, da yake asusun ɗaya ne, akwai wani ɗan jan layi a ƙarƙashin hoton kowane fim, mai nuna inda aka tsaya. Mogens kullum yakan sake kallon nasa ranar Asabar don ya kintsa wa faɗa, saboda haka duk sanda ta buɗe, layin a cike take samunsa.

Ran nan ta yi lalaci, sai Lahadi da safe ta zauna da yankan baƙin burodi da cuku, ta kunna. Layin ko tsawon farce bai kai ba.

Ta ce wa kanta wataƙila baƙo ya yi. Amma wane baƙo ne zai tayar da Mogens daga gaban fim? Hantsi ya yi, waya shiru. Ta kira, ta yi ta ƙara har ta katse. Ta tura saƙo, ba a buɗe ba. Sai ga mahaifinsu ya faɗo mata a rai, yadda maƙwabciya ta tsince shi a ƙasan kicin, butar shayi ta ƙone ƙurmus a kan wuta. Ta ture burodin gefe.

A garinsu ba a faɗa wa mutum gida ba sanarwa, ko da ciki ɗaya kuka fito. Solvej ta zari makullinsa da ya shekara a rataye, ta fita ko rigar ruwan ba ta maɓalle ba. A cikin bas ta yi ta jin haushin duk wanda ya danna ƙararrawar sauka. Kekensa na jingine a ƙofar gini. Jaridar safiya na maƙale a bakin ƙofarsa. Ta sa makullin, ta buɗe.

Yana zaune a kujerarsa, da kayan jiya a jikinsa, idonsa biyu. Talabijin a tsaye cak kan fuskar wata mata a bakin tebur, ga layin fassara fari a ƙasa.

"Tsohon banza, ka so ka kashe ni," in ji ta. "Wayar taka ta ado ce?"

Bai rama ba, abin da ya fi komai tsorata ta ke nan. Ya nuna allon da yatsa.

"Auta, karanta mini abin da ta ce."

Ta ce ina tabaraunsa. Ashe yana kan hancinsa. A hankali ya gaya mata: jiya da yamma yana cikin kallo kansa ya sara, ya ɗan lafa, da ya ɗago sai rubutun ya daina magana. Yana ganin kowane harafi tar, amma sun ƙi haɗuwa su zama kalma. Ya gwada jarida, ya gwada kwalin madara. Ya ɗauki waya, ya kasa gane wanne ne sunanta. Da ta kira kuwa yana ji, tsoro ne ya hana shi ɗauka, don in ya faɗa da bakinsa, abin ya tabbata.

"Duk waɗannan finafinan," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ba na jin harshen ko ɗaya. Da karatu nake kallonsu."

Solvej ta kira motar asibiti. Matar da ta ɗauka ta ce ta sa shi ya ɗaga hannuwa biyu, ya yi murmushi, kada a ba shi ci ko sha, ga su nan tafe. Hannuwan sun ɗagu. Murmushin ne ya ƙi zuwa, ba ta kuma san ko ciwon ne ko tsoron ba.

Ta jawo kujera kusa da shi, ta riƙe hannunsa mai sanyi. Ya sake nuna allon.

Ta gyara tabaraunta. "Cewa ta yi, miyar ta huce."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Tun jiya kana zaune kan miyar da ta huce. Kai da zaɓenka."

Gefen bakinsa ya ɗan motsa, duka gefe biyun, ta duba da kyau. Ya ce ta danna a ci gaba, kuma kada ta yi sauri, matar fim ɗin nan ba mai sauri ba ce.

Ta danna. Matar ta juya ga taga, mijinta ya ce wani abu, Solvej ta karanta masa. Can nesa jiniya ta fara tasowa.

"In sun riƙe ni," in ji Mogens, "kar ki ƙarasa ba tare da ni ba."

Ta ce ai ko biyanta aka yi ba za ta kalli wannan abu ita kaɗai ba. Ta ci gaba da karantawa har aka buga ƙofa.