Ranar da Maigidana Ya Nemi Birki a Ƙafa

Maigidana ƙwai yake kai wa shaguna daga gonar kajin wata mata, kuma tun kafin a haifi babbar 'yarmu yake wannan aiki da baƙin kekensa. Keken nan ba giya, ba ado, sai ƙarfi kamar jaki. Da shi muke ci.

Sai ƙaninsa, wani ɗan iya da ko kwano bai taɓa ɗauka a keke ba, ya hure masa kunne. Wai duniya ta ci gaba, yanzu giya ake yayi, ka taɓa da yatsa keke ya haye tudu kana murmushi. Maigida ya kai tsohon keken wurin mai gyara, ya yi musaya da wani ja mai sheƙi, giya ashirin da ɗaya. Ashirin da ɗaya fa! Mutumin da hanyarsa ɗaya ce tal.

Na ce, "Baban yara, sauran ashirin ɗin wa za su ɗauka?"

Ya ce, "Ke ɗinki kika sani, ki tsaya a ɗinkinki."

To, na tsaya. Makon farko kaca ta riƙa zamewa, yana isa shaguna a makare, hannu baƙi ƙirin da mai. Mai gonar ta kira shi ta ce masu shaguna sun fara ƙorafi, in aka ƙara ko sau ɗaya, akwai masu jiran aikin. Ya dawo yana ce mini ai sabo ne bai yi ba tukuna. Sabo! Yana tafe yana latse-latse, kai a sunkuye, sai ka ce mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Shagon ɗinkina a ƙarshen gangara yake, don haka da idona na gani. Ya taho da kiret-kiret na ƙwai a ɗaure a baya, sai wani mai kura, yana ture da kaya, ya gitta. Shi tsohon keken, in kana son tsayawa feda kake dannawa baya, birkinsa ke nan. Wannan kuwa birkinsa a hannu yake, in ka juya feda baya sai ta yi ta wulwulawa a banza. Maigida ya danna baya. Ya sake dannawa. Ƙafafu na ta juyi, ga birki nan ƙarƙashin yatsunsa, amma ina! Ƙafa ta riga ta saba, hannu bai san da zancen ba.

Ya kauce wa mai kura, ya rungumi katangar mai wanki. Ƙwai ko ɗaya bai tsira ba. Ƙwaiduwa har cikin kunnensa, jama'a na sannu suna danne dariya. Shi kuwa da ya miƙe, keken ya fara dubawa, wai ko giyar ta taɓu. Wallahi na ji kamar in kwaɗa masa almakashi.

Mai gonar ba ta ko ɗaga murya ba. Cewa ta yi ya ajiye igiyoyin ɗaurin kaya, ya je ya huta.

Na tanadi baƙaƙen maganganu cike da baki. Washegari da sassafe ya tashi kamar kullum, ya yi wanka, ya naɗe ƙafar wando, ya tura keken har bakin ƙofa. Nan ya tsaya riƙe da shi, yana kallon titi. Ya daɗe a haka. Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma bai sake ni ba.

Na ce, "Shigo da shi ciki, mutane na wucewa."