Tabarau a Goshin Mai Aski

Shekara goma sha ɗaya ke nan ana nuna wasan barkwancin mai aski da matarsa a talabijin. Kowa ya san da zarar ya ɗaga tabarau ya ɗora a goshi, matar za ta hau shi da masifa. Har yara kan kwaikwaya a hanyar makaranta.

Abin da ba a sani ba shi ne, wadda ke fitowa a matar tasa ta yi shekara huɗu jinta yana raguwa. Leɓe take karantawa. Abokin wasan nata kaɗai ya gane, shi ne ma ya ƙirƙiro ɗaga tabaran don ta san ya gama magana, nata ya zo.

Yanzu kuma zai bar shirin.

Ranar aikinsa ta ƙarshe ta same shi a ɗakin kwalliya yana goge hoda. Ta rufe ƙofa.

"Yaya, ko kashi biyar ne na shirin ka ƙara."

Ya juyo sosai don ta ga bakinsa. "Ƙanwata, gwiwoyin nan sun yi mini tawaye. Ki gaya wa darakta matsalar jinki kawai."

"Ka manta wanda ya fito a kakanmu? Sau biyu ya manta maganarsa, aka kashe shi a labari da ciwon ciki."

"Ciwon ma ba wani mai tsanani ba," ya ce yana dariya. Da ya ga ita ba ta dariya, sai ya daina.

Ranar Litinin aka kawo sabon jarumi a matsayin ƙanen mai aski da ya karɓi shago. Gashin baki ya rufe masa leɓe ruf.

"Anti, tun ina firamare nake kallonki," ya ce, ko wani abu mai kama da haka. Ta yi murmushi.

Aka kunna fitilu. Ta tsaya inda ta saba, gefen kujerar aski mai yagaggiyar fata. Shi kuwa ya juya ga madubi yana wasa da almakashi, ya ba ta baya. Ta kafe kafaɗunsa da ido. Suna motsi, suna motsi. Zufa ta gangaro mata ta bayan kunne. Da suka tsaya cak, ta buɗe baki ta zazzaga masifar da ta haddace.

Ya waigo, baki buɗe. Ashe numfashi kawai ya ja.

Mai kyamara ya dafe ciki. Mai kwalliya ta toshe baki da gyale. Ta ga dariya a ko'ina, ba ta san ko ta daɗi ba ce.

Daga bayan fitilu, inda ba ta ganin komai sai inuwa, darakta ya ce wani abu. Ta gyaɗa kai. Ya sake magana, ta sake gyaɗawa. Ɗaya bayan ɗaya, fuskokin suka daina dariya. Mai kwalliya ta dube ta, ta dubi wajen darakta, ta sunkuyar da kai.

Ko me ya tambaya, ba abin gyaɗa kai ba ne.

Tsohon tabaran yana nan kan teburin aski, kusa da mataji. Ta ɗauka ta riƙe gam, ta tsallake wayoyin da ke ƙasa, ta tsaya a bakin duhun.

"Ranka ya daɗe," ta ce, ba ta san ko da ƙarfi ta faɗa ba, "fito cikin haske in ga bakinka. Akwai abin da na ɓoye maka."