Bangon Ɗakin Mama

"Ɗakin laka ne, ko da wane suna ka kira shi," in ji Yaya. "Ni ba zan sa uwata a ɗakin laka ba."

"Uwarmu," Auta ya ce.

"To, uwarmu. Hankalinka ya kwanta?"

Suna tsaye a cikin sabon ɗakin, an yi rufi, saura ƙofa da taga. Auta magini ne. Wata huɗu ya yi yana wannan aiki in ya taso daga ginin mutane. Jar ƙasar da ya haƙo a bayan gida ya tankaɗe, ya matse ta a inji ta zama bulo, ya lulluɓe da leda, kullum yana yayyafa ruwa har ta yi ƙwari. Tsohon ɗakin Mama na bulon siminti ne. Da rana ta take sai ya koma tanda, jininta ya hau, ƙafafunta su kumbura. Likita ya ce a nema mata wuri mai sanyi. Nan ciki kuwa, ko da azahar, gumi ba ya tsatso wa mutum.

A waje an sauke buhunan simintin da Yaya ya zo da su.

"Ban ce a rushe ba," Yaya ya ce. "Filasta za a yi masa ciki da waje, a shafa fenti. Wa zai san abin da ke ƙarƙashi?"

"Yaya, ba a yi wa ƙasa haka."

"Fara wa'azin. Hayaƙin kamfanin siminti, yashin rafi ya ƙare, duniya na ɗumama. Na haddace."

"Bar duniya, maganar bango nake. Ƙasa tana shan danshi, tana fitar da shi. In ka rufe ta da siminti, ruwan da ya shiga ya rasa hanyar fita. Waje sumul, ciki yana jiƙewa. Damina biyu ko uku sai ya saki. Farar ƙasa da yashi zan shafa masa."

"Wadda in baƙo ya jingina sai ya tashi kamar an tsamo shi daga buhun gari? Abokan aikina suna zuwa gaida Mama. Mu je ta raba mu."

Mama tana zaune a inuwar baranda, ta ɗora jiƙaƙƙen tawul a ƙafafunta. Auta ya durƙusa ya yi mata bayani a hankali. Ta saurara har ya gama.

"Ɗakinka akwai sanyi, Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Amma a ɗakin ƙasa aka haife ni, a ciki na haifi yayanka. Duk shekara da hannun nan nake yaɓe. Ranar da babanku ya sa mu a gidan siminti, na ce ni da ƙasa sai ranar da za a rufe ni da ita." Ta gyara tawul ɗin. "Jiya maƙwabciya ta leƙo. Ta ce, 'Ayya, ashe abin ya kai haka?'"

"Mama, zai iya faɗo miki."

"Siminti ne fa, Auta. Siminti yana faɗuwa?"

Auta ya miƙe tsaye.

Yaya ya ciro waya. "In ba za ka yi ba, akwai mai filastar da ya yi mini shago. Yanzu zai zo."

Auta ya san mutumin. Kwaɓinsa ƙarfe ne, kuma har ƙasa yake shafewa, ko tururuwa ba ya bar wa hanya.

"Ajiye wayar," ya ce.

Shi ya fasa buhun farko da bakin shebur. Ya ƙara yashi fiye da ƙa'ida, ya zuba farar ƙasa da idon Yaya ya kauce. Ya san ba magani ba ne. Wataƙila ya ƙara wa bangon damina ɗaya. Ya ɗebo kwaɓin a cokalin gini ya watsa, jan bulon yana ɓacewa layi-layi. Akwai bulon da ya gane, na ranar da injin ya datse masa yatsa, gefensa ya ɗan karkace. Ya rufe shi. A gindin bangon ya bar faɗin tafin hannu bai shafe ba, ko danshi zai samu ta fita.

Da la'asar Yaya ya shigo, ya duba sama, ya duba ƙasa.

"Wannan jan fa? Siket ka ɗinka wa ɗakin bai kai ba?"

"A bar shi haka, Yaya. Don Allah."

"Rufe shi."

Auta ya tsuguna ya rufe.

Yaya ya fita amsa waya. Auta yana kankare cokali sai ga Mama ta shigo, tana dafa bango tana jan ƙafa. Ta tsaya gaban bangon da aka gama, na gabas, inda ruwan sama ya fi duka. Ta shafa danyen simintin da yatsa biyu, ta shinshina. Rabon da ya ga fuskarta a sake haka tun babansu yana da rai.

"A nan za a sa gadon," ta ce. "A manna shi sosai, ina son in riƙa jingina."

Auta ya ci gaba da kankare cokalin, ko da yake ya riga ya fita tas.

"Kwana nawa zai yi ya bushe in shigo?"